Kiɗa ɗaya da iyaka ta raba wa aiki

A tsibirin Hisfaniyola, wanda mulkin Sifen da na Faransa suka raba ya zama Jamhuriyar Dominikan da Haiti, makaɗan jaz na yau sun koma tonon gadon da ya haɗa su, irin kiɗan da Haiti ke kira rara, maƙwabtanta kuwa gaga. Su akwai jini a tsakaninsu, domin a 1937 shugaban Dominikan, Trujillo, ya sa aka karkashe dubban 'yan Haiti a bakin iyaka. Mu Hausawa ba mu da wannan tabo. Layin da Ingila da Faransa suka ja ya bar Sabon Birni a Najeriya, Tsibiri a Nijar, alhali duk Gobir ce, kuma mutumin Ƙofar Dundaye ta Sakkwato ba ya neman tafinta in ya ji mawaƙin Ƙwanni. Ɓarnar da iyakar ta yi mana ta wata fuska ce: ta raba mana aikin kula da gadon, wani ya riƙe magana, wani ya riƙe sauti.

A ɓangarenmu na Najeriya waƙar baka ta shiga aji. An rubuce baitocin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi, an feɗe salonsu, Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi guda a kan Narambaɗa. Amma wa ya zauna ya nazarci abin da kotso ko taushi ke yi a ƙarƙashin baitin, har ya gina sabon kiɗa a kai? Nijar ta bi ɗaya hanyar. Ta sanya gasa da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai a 1989, daga nan ƙungiyar Mamar Kassey ta fito da sarewa da jita a dandali ɗaya, Malam Maman Barka kuma ya kai gurmi Turai. Tun 1978 ma Mamman Sani ya ɗora karin gargajiya a kan ogan. Jaz na Hausawa, in za a yi shi, daga haɗa waɗannan rabi biyu zai fito.

Za a ce waƙar Hausa magana ce, wanda ya cire kirari da habaici ya bar kiɗa zalla ya zubar da tsaba ya riƙe dusa. Akwai gaskiya a nan, kuma yawancin gwamutsar da ake yi a situdiyo ta cancanci wannan suka. Sai dai kalangu da kansa magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Bahaushe, kuma ɗan dambe na gane takensa tun Ɗan Anace bai buɗe baki ba. Sannan jagora ya ƙaga baiti nan take 'yan amshi su tare shi su mayar da shi gindin waƙa, wannan shi ne tsarin da jaz ke tinƙaho da shi. Masu cewa baƙon abu ne kuwa, su tuna Yusef Lateef, gwanin jaz na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani, har suka wallafa littafi kan kiɗan Hausa shi da Ziky Kofoworola. Ɗalibta ya zo yi, makaɗanmu ne malamansa.