Rafin Cheonggyecheon na Birnin Seoul: Farfaɗowa ko Ƙawatawa?

An daɗe ana yabon aikin da magajin garin Seoul, Lee Myung-bak, ya gudanar daga 2003 zuwa 2005. An rushe gadar sama, aka tono rafin Cheonggyecheon da aka fara rufewa da kankare a 1958, aka mai da gaɓarsa hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 5.8. Lalle yabon yana da hujja, domin ko talaka yana sauka bakin ruwan kyauta ya sha iska.

Amma fa tilas manazarci ya tambaya: shin rafi aka rayar, ko kuwa magudana aka yi wa ado? Yawancin ruwan da ke gudana a ciki da inji ake jawo shi daga kogin Han, watau ba a sada rafin da mafarinsa na kan duwatsu ba. A ganina, wannan babban rauni ne ga aikin da aka kira maido da halitta. Su kuwa 'yan tireda da suka shekara suna neman abinci a gefen titin, kwashe su aka yi zuwa filin wasa na Dongdaemun, wanda shi ma aka rushe daga baya.