Littafi Biyu a Kan Iyakar Jibiya

Ƙungiyoyin karatun littattafai da ɗalibai kan kafa a kwalejojin horon malamai, in sun tashi neman adabin wasu al'ummu, sai su miƙa hannu Ingila ko Amurka. Wannan ba laifi ba ne. Amma fa wanda ke ƙasar Katsina yana da baƙon adabi a bakin ƙofarsa. Daga Magamar Jibiya in an ƙetare zuwa Ɗan Isa aka nufi Maraɗi, Hausa ɗaya ake ji a kasuwa, amma a makaranta nan Ingilishi ake karantawa, can kuwa Faransanci. Saboda haka littafi biyu ya kamata irin wannan ƙungiya ta ajiye gaba ɗaya ta auna.

Na farko shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda aka buga juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939. Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, da hikayoyin aku na ƙasar Hindu, ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fadar Sarki Abdurrahman. Gwanintarsa ita ce mai karatu ba ya jin warin baƙunta. Aibin abin kuwa shi ne ɗalibi yakan gama littafin yana tsammani duka na gida ne, bai san ya zaga duniya ba. Aikin malami ne ya nuna masa inda aka yi ɗinkin.

Na biyu shi ne Sarraounia na Abdullahi Mamani, mutumin Nijar, wanda aka buga a Faris a 1980. Shi ya bi hanyar ta baya, watau ya ɗauki labarin gida, na Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya zuba shi cikin Faransanci. Ya ƙawata tarihin ƙwarai, har ya zama sai an yi hattara kafin a raba abin da ya faru da abin da marubuci ya ƙaga. Kuma bai sassauta wa sarakunan Musulmi ba, abin da lalle zai ta da muhawara tsakanin ɗaliban Katsina. Muhawarar nan ita ce ribar karatun, gama a nan ne za su ga ƙasar Hausa da idon Azna.

Cikas ɗin shi ne harshe. Ɗaliban Maraɗi na iya karanta Imam ba tafinta, na Jibiya kuwa ba su iya karanta Mamani sai an fassara musu. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauki fassara daga Faransanci a bakin aikinsu, su fara da makwabta.