Wutar Ɗiba da Hayaƙin Dubawa

Wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ya ratsa ƙauyukan Ajingi da rani, in ya ɗaga kai zai hangi amya a sargafe cikin rassan ɗorawa da tsamiya. Mai ita kan hau da dare, bakin wuta a hannu, tunda an ce zuma sai da wuta. Sai dai wutar da muka gada ta ɗiba ce kawai. Ƙudan zuma kan manne saƙarsa a jikin amya, ba dama a zaro ta a duba a mayar, don haka ba a buɗewa sai ranar yanka. Ranar kuwa harshen wuta kan babbake fukafukai, ya narkar da kaki, ya kashe 'ya'ya, wani sa'in har da sarauniya. Ga shi ƙudanmu na Afirka ta Yamma akwai faɗa, akwai saurin ƙaura. In an ƙona masa gida sau ɗaya, sai a wayi gari amya wayam.

Aikin hayaƙi daban ne. Idan ƙuda ya yi harbi, yakan saki wani wari mai kama da na ayaba, wanda masana suka gano sinadarinsa a 1962. Warin nan ne ke kiran 'yan'uwa su fito yaƙi. Hayaƙi kan dushe musu jin wari na ɗan lokaci, kiran ya ƙi isa. Wasu kuma su ruga su cika ciki da zuma, wanda ya ƙoshi kuwa ba ya saurin harbi. Wannan duka ba ya bukatar zafi. Hayaƙi fari mai sanyi ake so, wanda in ka busa a bayan hannunka ba za ka janye ba. Busasshen kashin shanu ya isa, ko totuwar masara, ko tsumman buhun algarara. Hayaƙin leda da roba guba ne. A ɗan busa a ƙofa, a dakata kaɗan, sannan a ɗaga murfi.

Dabarar ta daɗe, don akwai zanenta a kabarin Rekhmire da ke Luksor a Masar, tun fiye da shekara 3,000. Amma gwangwanin hayaƙi mai zugazugi na Moses Quinby sai a 1873 ya fito a Amurka, bayan Langstroth ya yi rajistar akwatinsa na ƙudan zuma mai allunan da ake zarowa a 1852. A ganina wannan jerin ba banza ba ne: sai da aka sami gidan da ke buɗuwa sannan aka matsu da hayaƙin dubawa. Mai amya da aka miƙa wa gwangwani zai rage ɓarna ranar yanka, amma ba zai ga ko sarauniya na ƙwai ba, ko tsutsar kaki ta shiga, sai ya koma akwati, ko da mai sanduna irin na Kenya ne, wanda kafintan Gaya zai iya haɗawa.

Sauran matsalar a kasuwa take. Tsoron jabu ya sa masu saye da yawa ba su yarda da zuma sai sun ji ƙauri, sun ga mataccen ƙuda a kwalba. Wanda ya tace tasa garau, shi ake tambaya ko sukari ya dafa.