4.3 Sharhi a Kan Makomar Wasannin Kwamfuta a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Masu hasashen makomar wasanni a kan Linux, wato buɗaɗɗiyar manhajar da kowa ke da izinin gyarawa da rarrabawa, sukan kafa hujja da na'urar Steam Deck wadda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a shekarar 2022. A ganin wannan nazari, hujjar ba ta da ƙarfi idan aka kawo ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A nan, abin wasan matasa shi ne wayar Android, musamman ƙirar Tecno da Itel, wadda ita ma a kan ginshiƙin Linux aka gina ta. Sai dai buɗewar rabi ce, domin yawancin wasannin da ke kanta rufaffu ne, masu su ba su yarda a taɓa su ba, balle a mayar da su Hausa.

Abin da hasashen ya fi mantawa da shi kuwa shi ne layi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a waɗannan ƙananan hukumomi saboda matsalar 'yan bindiga. Duk wasan da ya dogara da intanet ya tsaya cik. Wanda ya rage a hannun matasa shi ne ƙaramin wasan da ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender.