Jarumi Ɗaya, Hukunci Biyu: Masu Karatu da Labarin Claverhouse

Ba kasafai mai karatu yakan zo wa littafin tarihi hannu sake ba. Yakan zo ne da gādon kakanninsa, ya auna littafin da shi. Labarin John Graham na Claverhouse ya isa misali.

A 1638 mutanen Sikotlan masu yawa suka sa hannu a wata takardar alkawari, cewa ba su yarda sarki ya sarrafa musu addini ba. Su ne Masu Alkawari. Bayan an mayar da sarauta a 1660 aka tsananta musu, har a 1679 suka ɗauki makamai. Suka kori Claverhouse, hafsan sarki, a Drumclog, amma kafin watan ya ƙare aka fatattaka su a gadar Bothwell.

A kan wannan tawaye Walter Scott ya gina ƙagaggen labarinsa, Old Mortality, a 1816. Ya zana Claverhouse barde mai kwarjini da ladabi, ko da yake ba ya shakkar zub da jini. Shugabannin Masu Alkawari kuwa, da dama ya mai da su masu tsaurin kai ko abin dariya. Jama'a suka yi rububin littafin, amma magadansu suka ji zafi. Wani malamin addini, Thomas McCrie, ya yi masa dogon raddi a 1817. John Galt kuma ya rama da nasa ƙagaggen labari, Ringan Gilhaize, a 1823, inda wani ɗan Alkawari yake ba da labarin da bakinsa.

A 1848 Macaulay ya fara fitar da tarihinsa na Ingila, sai reshe ya juye da mujiya. Shi a wurinsa Claverhouse azzalumi ne. Ya kawo labarin John Brown, talakan da aka kashe gaban matarsa a 1685, ya ce sojoji sun ƙi harbi, Claverhouse ya harbe shi da hannunsa. Nan masu kāre Claverhouse suka tashi, irin su Aytoun da John Paget, suka ce Macaulay ya jingina ne da ruwayar ɓangare ɗaya.

To, wa ke da gaskiya? A ganinmu kowane raddi ya taɓo wani abu. McCrie ya yi daidai da ya ce Scott ya rage nauyin zaluncin da ya tunzura mutanen nan. Masu sukar Macaulay su ma suna da hujja, gama yakan riga shaida yanke hukunci. Amma wasiƙar Claverhouse ta kansa ta nuna ya sa an harbe Brown. Watau ko da an yi gardama a kan hannun da ya harba, kisan kam ba mai musunsa.

Abin lura shi ne, ba wanda ya yi wa Scott rangwame don labarinsa ƙage ne. An tuhume shi kamar yadda aka tuhumi Macaulay, domin abin da ƙagaggen labari ya dasa a zuciya, da wuya littafin tarihi ya tumɓuke shi. Saboda haka malamin da zai karantar da Scott ko Macaulay, lalle ya kamata ya ajiye raddin kusa da littafin, ɗalibai su saurari mai ƙara da wanda ake ƙara kafin su yi hukunci.