Masu mayar wa haruffa ƙugiyarsu

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundin digiri na Hausa a kwamfuta, ko wata maƙala da aka buga shekaru ashirin da suka wuce, ya san abin da ke tarbarsa. Inda ya kamata ya ga "ƙasar Hausa" sai ya ga "qasar Hausa", "ɗaya" ta koma "xaya", "ɓangare" ya zama "vangare". A wasu takardun abin ya fi haka muni, don "}asa" da "]aya" da "\angare" zai yi ta cin karo da su. Marubucin bai yi kuskure ba. Ranar da ya buga rubutun, ƙ da ɗ da ɓ ya gani a allonsa raɗau.

Kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. Kowane harafi da lambarsa, zubin haruffan da masu buga takardu ke kira fon shi ke ɗora wa lambar siffar da ido ke gani. A shekarun 1990 galibin fon ɗin da ke zuwa da kwamfuta ba su tanadi gurbin haruffanmu masu ƙugiya ba, sai masu hikima suka ari gurbin waɗanda Hausa ba ta amfani da su, wato q da x da v, ko na alamomi irin su baka mai kusurwa, suka zana ƙ da ɗ da ɓ a wurin. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka ƙera wa Hausa fon a wancan zamani, kuma dabarar ta fitar da marubuta da ɗalibai kunya na tsawon shekaru. Sai dai lambar da ke ƙarƙashin zanen tana nan a ta q. Da zarar fayil ya je kwamfutar da ba ta da fon ɗin, ko ya hau intanet, sai asalin harafin ya bayyana. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ tana da 0199, ɗ tana da 0257, ɓ tana da 0253. Amma kafin kwamfutocinmu da wayoyinmu su saba da shi, an riga an tara rubutun Hausa mai ɗimbin yawa a tsohuwar hanya, kuma wanda ya nemi "ƙasa" a cikinsa ba zai taɓa samun "qasa" ba.

Masu raba wannan gardama su ne nake yabo. Za ka same su a shagunan buga takardu na bakin jami'o'i, da ɗakunan tace labarai, da wajen masu shirya littafi kafin a kai maɗaba'a. Makaminsu ba wani abin a zo a gani ba ne: a danna Ctrl da H, a Word ko a Notepad++, akwati biyu su fito, na sama a sa abin da ake nema, na ƙasa a sa abin da zai maye gurbinsa. Yaro ma zai koya cikin minti ɗaya. Amma maɓallin "sauya duka" ba ya tambayar kowa komai, kuma a nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo.

Ɗan koyo zai sa v a sama, ɓ a ƙasa, ya danna, ya yi wa x da q haka, ya yi murna an gyara wuri dubu a ƙiftawar ido. Sai an je shafin manazarta a tarar da "Uniɓersity" da "Oɗford", a koma shafukan farko masu lambobin Romawa a ga shafi na xiv ya zama "ɗiɓ". Gwani kuwa ba ya taɓa komai sai ya ajiye kwafin fayil ɗin a gefe. Daga nan ya leƙa rubutun ya gano inda baƙin kalmomi suka taru, ya zaɓi sassan Hausa zalla, ya umarci manhajar ta tsaya a iyakar abin da ya zaɓa. Idan ya yi sa'a marubucin ya buga Ingilishinsa da wani fon daban, Word na iya neman q da ke cikin fon kaza kaɗai ta ƙyale sauran. Yana kunna zaɓin da ke bambance babban baƙi da ƙarami, ya yi zagaye shida, uku na ƙanana uku na manya, don kada "Xanjuma" ya wayi gari da ƙaramin harafi. Kuma yana duba adadin da manhajar ta ce ta sauya. In ya ga sifili a littafi mai shafi ɗari uku, ya san ba abin da yake nema ya rubuta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken da yake yi bayan ya gama. Ya san da wuya kalmar Hausa ta ƙare da ɗ ko ƙ ko ɓ, don haka sai ya nemi waɗannan haruffa a ƙarshen kalma. A Word, in an kunna neman tsari, rubuta ɗ> ya wadatar. Nan take "indeɗ" da ire-irenta za su fito fili, a ƙ> kuma "Iraƙ" ta bayyana. Ilimin ginin kalmar Hausa ne ya zama tarkon kama kuskuren na'ura, kuma ba a littafin koyon kwamfuta ya samo shi ba.

Takardun da suka ari alamomi suna da tasu ƙayar. Akwai wata hanyar nema mai zurfi da masana ke kira rejeks, inda ba kalma ake nema ba sai siffarta, misali "tazara biyu ko fiye a jere". Masanin lissafi Stephen Kleene ne ya aza harsashinta a shekarun 1950, Ken Thompson kuma ya shigar da ita cikin manhajar rubutu ta QED a ƙarshen shekarun 1960. A wannan hanya, alamomin [ da { da | da \ duk ma'aikata ne, kowace da umarnin da take bayarwa, kuma su ne dai alamomin da tsofaffin fon ɗinmu suka ara. Wanda ya sa [ a akwatin nema alhali rejeks na kunne, ƙorafi manhajar za ta yi masa. Gwani ya san ko dai ya kashe rejeks ɗin, ko ya gabatar da alamar \ kafin wadda yake nema, ita kanta \ ɗin kuma a rubuta ta sau biyu. In kundin na nazarin harshe ne sai ya ƙara taka-tsantsan, domin masana furuci a cikin baka mai kusurwa suke rubuta sauti, kuma waɗannan bakan na gaskiya ne, ba ɗ ba ce ta ɓad da kama.

Rubutun waya ya zo da nasa salon. Marubutan da ke sakin labaransu a WhatsApp sukan rubuta k'asa ko 'kasa, d'aya ko 'daya. Da gani sai a ce ai mai sauƙi ne, a mayar da d' ko 'd ta koma ɗ. To, malamin da ya yi rubutu a kan bid'a zai tarar an mayar masa da ita biɗa, kalma mai rai da ma'anarta daban, wadda ba mai duba kuskuren rubutu da zai ja mata jan layi. Haka in an buɗe zance da alamar ɗauko magana guda ɗaya aka fara da "da", sai a haifi "ɗa" inda ba a yi ciki ba. Saboda haka gwani yakan fara ɓoye bid'a, ya sauya ta da wata alama ta wucin gadi, ya yi aikinsa, sannan ya dawo da ita.

Ita kanta alamar alhamza ba ɗaya ba ce a wurin na'ura. Akwai miƙaƙƙiya ta kibod, akwai mai lanƙwasa dama, akwai mai lanƙwasa hagu wadda Word ke cusawa a farkon 'yan da 'ya'ya don ta ɗauka zance za a buɗe, akwai kuma ta huɗu da Unicode ya ware wa harsuna masu ɗaukarta a matsayin harafi. Ido ba ya rabe su sosai. Maganin gwanaye mai sauƙi ne: kada ka buga alamar da hannunka, kwafo ta daga cikin rubutun ka manna a akwatin nema. Wannan na da amfani ga mai shirya littafin Nijeriya don masu karatu a Nijar, inda ake rubuta ƴ a madadin 'y. Daga ƴ zuwa 'y hanya shimfiɗaɗɗiya ce, dawowar ce ke buƙatar ido.

Sai alamomin da ba a gani kwata-kwata. Ƙarshen sakin layi harafi ne, tazara harafi ce. Word na kiran ƙarshen sakin layi ^p, tsallen Tab kuma ^t. A Notepad++ ƙarshen layin Windows \r\n ne, alamomi biyu da aka gada daga keken rubutu, ɗaya ta mayar da kan keken farkon layi, ɗaya ta tura takarda sama, Linux kuwa \n kaɗai take sawa. Wanda ya kwafo rubutu daga PDF ya san yadda kowane layi ke tsinkewa ya zama sakin layin kansa. In ka share duk ^p, littafin ya dunƙule ya zama sakin layi guda. Gwani taki uku yake yi. Ya nemi ^p^p, wato iyakar sakin layi ta gaskiya, ya sa @@@ a wurin, bayan ya tabbatar babu irinta a rubutun. Ya mayar da sauran ^p su zama tazara. Sannan ya mayar da @@@ ta koma ^p. Kamar mai shara ce da ta fara kwashe tsabar kuɗin da suka zube kafin ta sa tsintsiya. Aikin yini biyu ya ƙare kafin shayi ya huce, kuma in aka sauya jerin takun, komai ya lalace.

Wani lokaci gwanintar ita ce a ƙi sauyawa. In ya buɗe fayil ya ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, ya san rubutun lafiyarsa ƙalau, an dai karanta fayil ɗin UTF-8, wato na tsarin Unicode, da tsohon ma'aunin Windows ne. Sai ya rufe ba tare da ya adana ba, ya sake buɗewa da ma'aunin da ya dace, haruffa su dawo da kansu.

Mafi wuya shi ne rubutun da ba a taɓa sa masa ƙugiya ba tun farko. Akwai kalmomin da ba su da tagwaye, irin su daya da hudu da wadanda da karshe, waɗannan a kunna neman cikakkiyar kalma a sauya su gaba ɗaya. Amma kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, kara da ƙara, baki da baƙi, duk kalmomi ne masu zaman kansu. A nan gwani yana janye hannu daga "sauya duka", ya koma "nemo na gaba", yana karanta kowace jimla kafin ya yanke hukunci. Zai iso inda aka rubuta "ya bata kudin", ya tsaya, don ko dai mutumin ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata su. Sai ya koma sakin layin baya ya ga ko akwai wata mace a zancen. In bai samu amsa a can ba, ya yi wa wurin alama ya kira marubucin a waya.