Shela, Roƙo da Jakadanci: Nazarin Hulɗa da Jama'a a Kafafen Sada Zumunta

A fadar Hausa ta dā akwai ayyuka uku, kowanne da mai shi. Mai shela ke isar da umarnin sarki a kasuwa da ƙofar gari. Maroƙi ke kambama sunan ubangidansa. Jakada kuwa yakan kai saƙo, ya komo da amsa, mai daɗi ko mai ɗaci. Aikin da a yau ake kira hulɗa da jama'a, wanda ƙwararrunsa suka kafa cibiyar NIPR a Nijeriya tun 1963, ya fi kusa da na jakada. Amma duk wanda ke bibiyar shafukan gwamnatoci da hukumomi a Facebook da X zai tarar roƙo ya danne sauran biyun.

Salon sananne ne. A sa hoton mai girma yana yanke ƙyalle, a jera masa kirari. A ƙasa kuwa ga jama'a sun yi dafifi. Dattijo na tambayar ranar da za a biya fansho, wata baiwar Allah na cewa famfon unguwarsu ya ƙafe tun kafin azumi. Babu mai tanka musu. In ma an tanka, to 'yan data ne, matasan da ake saya wa kati don su kare ubangida, su yi wa mai ƙorafi rubdugu. Wannan gadon sojojin baka ne na gidajen rediyon Kano, ya tashi daga makirufo ya koma waya. Bambancin kawai shi ne a rediyo akwai edita da hukumar NBC mai sa ido kan kafafen watsa labarai, a waya kuwa babu mai taka burki.

Illar hakan ba ta bayyana sai ranar da aka shiga tsaka mai wuya. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu ta waya cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa rigakafi ne. Iyaye suka tashi 'ya'yansu da asuba, aka yi ta kwankwaɗa, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Jita-jitar ta riga hukuma isa gidaje, domin ta fito ne daga bakin ɗan'uwa da aka yarda da shi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta nuna wata hanya a 2020. Kusan kowane dare takan wallafa alƙaluman korona jiha-jiha, ta aika gajerun saƙonni a waya, ta buɗe layin tambaya. Babu kirarin kowa a ciki, kuma mutane sun san lokacin da za su duba. Duk da haka, da mace-mace suka yawaita a Kano a watan Afrilun shekarar, bayani ya yi jinkiri, saƙonnin murya na WhatsApp suka cike giɓin. Nan ne babban rauni yake. Hukumomi na rubutu da Turanci a X, alhali talaka na sauraron murya da Hausa.

Akwai kuma haɗarin dogaro da dandalin da ba naka ba. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wato X na yanzu, sai ma'aikatu da kamfanonin da suka tattara hulɗarsu a can suka wayi gari babu hanyar isa ga mabiyansu.

Gyaran a bayyane yake. A raba shafin hukuma da shafin siyasar shugabanta. A ɗauki wanda ya iya Hausa ya riƙa amsa tambayoyi da murya da rubutu, yana da ikon kai kuka gaban mai yanke hukunci. A haɗa waya da rediyo, da masu unguwanni, da limamai. A daina auna nasara da yawan mabiya, a auna ta da yawan masu koken da aka share wa hawaye. Hukumar da ba ta saurari mutane lokacin zaman lafiya ba, kada ta sa ran za su saurare ta ranar annoba.